Yadda Aka Kai Hajja Ƙauyen Turawa

Na kwana biyu a Alƙahira, har bakina ya faɗa da Larabcin kasuwa, kafin in fara zuwa gidajen mutane ina koyarwa. Lokacin maigidana yana tsakiyar karatunsa na digiri na biyu, ni kuma na gama nawa, ina zaune a ɗan gidanmu na haya a Ainu Shams. Yara su tafi makaranta da safe, in yi shara, in ɗora tukunya, sauran yinin in zauna ina sauraron hon ɗin motoci ta taga. Zaman ya fara isata.

Wata ƙawata, Bahaushiyar Sudan da ke yi wa wasu mutane girki a Zamalek, ita ta kawo mini labarin. Ta ce akwai wata tsohuwar Baturiya a benensu da ke neman mai koya mata Larabcin Masar, irin na titi, ba na littafi ba.

"Ke kina jin Turanci, ni ba na ji," in ji ta. "Ki je ki gan ta. Mutumiyar kirki ce, surutu ne kawai da ita."

Na shiga metro, jirgin ƙasan nan na cikin birni, na sauka tsakiyar gari, na hau tasi muka tsallaka gada. Ga wadda ta fito daga unguwarmu, Zamalek wata duniya ce daban: bishiyoyi, inuwa, mai gadi a ƙofar kowane bene, karnuka da igiya a wuya ana yawon shan iska da su. Matar da ta buɗe mini ƙofa doguwa ce siririya, furfurarta a datse iya wuya, da takalmin kambas a ƙafa kamar mai shirin zuwa gona. Ta haura sittin da 'yan kai. Tun ranar nake ce mata Madam. Ita kuma ta ji yara na ce wa malamansu mata "abla", sai ta liƙa mini, ko da yake ta isa ta haife ni.

Daga wani ɗan ƙauye take a Ingila, can nesa da Landan, inda ta yi shekara da shekaru tana aiki a gidan waya har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu. 'Yarsu ɗaya tak, ta zo Masar aikin koyarwa, ta auri wani injiniya ɗan ƙasar. Da aka haifi jika, Madam ta zo taya reno da niyyar ta ɗan kwana biyu, sai ga shi har yarinya ta fara tafiya ba ta koma ba.

Na tambaye ta me za ta yi da Larabci. Ta ce saboda Hajja ne. Hajja ita ce uwar mijin 'yarta, tana zaune a unguwar Faisal, kuma kowace Juma'a duk gidan ake kwasa a je can cin abincin rana.

"Zama muke yi muna yi wa juna murmushi har kumatuna su gaji," ta ce. "Ita ta faɗi magana, kowa ya yi dariya, kafin a juya mini an wuce wajen. Ina so in riƙa ji da kunnena."

Muka fara da gaisuwa, da ciniki, da yadda za ta ce wa direban tasi ya tsaya nan. Tana da ƙoƙari, sai dai harafin ainun ya ƙi ta fafur, duk sanda ta gwada sai ka ce ƙayar kifi ce ta maƙale mata. Ban jima ba na gano wani hali nata. Duk kalmar da na koya mata, ƙauyensu take kai ta. Ranar da na koya mata "fi" da "mafish", wato akwai da babu, na ce ta yi mini jimla ɗaya. Ta gyara zama ta ce a ƙauyensu akwai coci, akwai kududdufi, akwai agwagi, babu banki, babu 'yan sanda, babu jirgin ƙasa tun da aka rufe tashar tana ƙarama. Da muka zo kan yadda ake ba da labarin abin da ya wuce kuwa, shi ke nan, na tsokano. Ashe tana cikin ƙungiyar masu tattara tarihin ƙauyen, wasu 'yan tsofaffi da ke haɗuwa su sha shayi su yi ta gardama a kan wanda ya gina wace katanga. Da bazara, idan masu hutu suka cika garin, ita ke zagayawa da su ranar Lahadi da yamma tana ba su labari.

Ta haka na san garin lungu-lungu ban taɓa taka shi ba. Ta ce tumaki ne suka gina shi. A zamanin da, gashin tumakinsu har ƙetare ake kai shi, attajiran ulu suka yi arziki, suka gina cocin dutse da ta fi ƙarfin garin, wadda yanzu masu zuwa ibada ba sa cika layin gaba. A jikin wani ginshiƙinta akwai ramuka da ake cewa harsasai ne na lokacin da Turawan suka yi yaƙi tsakaninsu, sojoji suka ɗaure dawakansu a ciki. Rabin 'yan ƙungiyar sun yarda da haka, rabi sun ce yara ne suka yi da ƙusa, kuma akwai mutum biyu da ba sa gaisawa saboda wannan maganar. Akwai wata miƙaƙƙiyar hanya da Rumawa suka shimfiɗa ta bayan gari, yanzu masu yawon ƙafa ke bin ta da jakunkuna a baya. Akwai tsohon injin niƙa da ruwan rafi ke juyawa, an mai da shi wurin shan shayi da kek. A tsakiyar dandali kuma ga turu, irin wanda ake sa wa masu laifi a ƙafa, 'yan hutu na bin layi suna zura ƙafafunsu ana ɗaukarsu hoto suna washe baki.

Na tambaye ta wane ne mai garin. Ta yi tunani ta ce babu. Na ce to in rigima ta tashi wa ake kai wa? Ta ce kwamiti. Na ce in kwamitin ne ke rigimar fa? Ta ce ai kullum shi ne ke yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gidajen jinka. Ni 'yar ƙauye ce. Na tashi na ga yadda babanmu ya yi ta fafutuka har ya cire jinka ya buga kwano, ranar har maƙwabta suka shigo taya murna. Madam ta ce a wajensu gidan jinka sai mai hali, kuma mutane na baro birni su kama haya don kawai su kwana a ƙarƙashin ciyawa. Wani manomi ma garken shanunsa ya gyara, ya sa gadaje da banɗaki, kuma ba ya rabo da baƙi. Da na ba maigidana labari, ya ce in tambayar masa ko suna neman wakili a Najeriya, don kawunsa na da ɗakunan jinka birjik ba mai kwana sai kaji.

Wata rana na iske ta ba ta buɗe littafi ba. Ta haɗa mana shayi ta zauna tana ta juya cokali. Ta ce an tsai da shawara za su tafi Ingila gaba ɗaya hutun bazara, har da Hajja, wadda ba ta taɓa barin Masar ba sai zuwa aikin Hajji. Matsalar ita ce Hajja ta ce Landan za ta zauna, ba inda za ta ƙara gaba. Maƙwabtanta sun riga sun cika ta da saƙo, wannan jaka, waccan turare. Madam kuwa so take a yi mako guda a ƙauye, a gidanta, jika ta taka ciyawar da uwarta ta taka, Hajja kuma ta ga inda suka fito.

"'Yarki ba ta yi mata magana ba?" na tambaya.

"Ta ce ba ta shiga tsakanin kakanni biyu. Mijinta kuma ya ce tun da aka haife shi bai taɓa cin uwarsa a gardama ba. Saboda haka ni zan gaya mata, da bakina, da Larabci. Abla, ki shirya ni."

Muka ajiye duk wani darasi muka koma shiri. Ta faɗa da Turanci, in juya mata, ta rubuta da haruffan boko, ta haddace tana zagaya falo da jika a kafaɗa. Na rage mata tsawon tarihin, don in an bar ta za ta fara daga Rumawa, a yi la'asar ba ta iso kan tumaki ba. Na so ta cire zancen shanu da jinka. Na san mutanenmu, na kuma zauna da Misrawa na ga a wannan fannin jirgi ɗaya ya kwaso mu, duk wanda ya sha wuya kafin ya baro ƙauye ba ya son a yi masa tallarsa. Na faɗa mata a fakaice. Ta ce ai shanun su ne kyan wurin. Na bar mata shanunta.

Ta roƙe ni in raka ta ranar Juma'ar, in zauna kusa ko da za ta kakare. Aka gaya wa Hajja malamar Larabci za ta zo, ta ce a kawo ta, dama tana son ganin wadda ta koya wa Baturiya ciniki har mai tumatir ya fara tsoronta.

Ranar na bar yara da babansu bayan an sauko daga masallaci, na bi mikrobas, 'yar ƙaramar bas ta haya, zuwa Faisal. Titin nan ko ranar Juma'a ba ya hutawa. Benen na Hajja ne gaba ɗaya, mijinta ya bar mata, tana hawa na biyu, 'yan haya na sama. Tun daga matakala na jiyo ƙamshin man shanu. Gajera ce mai jiki, awarwaron zinariya cike da hannu, murya kuma ba ta neman lasifika. Ta rungume ni kamar ta daɗe da sanina, ta tambayi ƙasarmu, da yawan yarana, da abin da ya sa mijina ya bar ni na rame haka. Kafin in amsa ɗaya ta wuce ta gaba.

Aka jera abinci: mahshi, wato ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, da gasassun agwagi, sannan aka fito da fitir. Ga wanda bai san fitir ba, ƙullin fulawa ne da ake miƙarwa har ya koma kamar takarda, a shafe shi da man shanu, a ninka, a sake shafewa, a sake ninkawa, a gasa a wuta mai zafi ya fito falle-falle, a ci da zuma. Na ci na shaguna ba adadi, amma na Hajja daban ne. Na gaya mata haka, ta ce ta sani.

Da aka kwashe kwanuka aka kawo shayi, Madam ta kalle ni, ta miƙe tsaye, abin da ban koya mata ba. 'Yarta ta sunkuyar da kai. Mijin ya ɗauki yarinya ya koma bakin baranda, inda zai ji komai amma ba za a sa shi ciki ba.

Ta fara da kyau. "Ya Hajja, ina so in gayyace ki garinmu. Ƙarami ne, amma tsoho ne ƙwarai."

Hajja ta ajiye kofi, ta dafe ƙirji, ta ce masha Allah, Baturiya ta yi baki. "Ci gaba, 'yar'uwata, ina jin ki."

Madam ta kawo coci da attajiran ulu, Hajja na gyaɗa kai. Ta kawo hanyar Rumawa. Hajja ta ce Rumawa ai nan ma sun zo, kuma in dai tsofaffin duwatsu ake nema, daga rufin benen nan ana hango dalar Fir'auna, ita ba ta taɓa zuwa ba. Madam ta daure ta wuce zuwa kududdufi, ta miƙa mata waya ta ga hoton agwagi.

"Na wa ne?" in ji Hajja.

"Ba na kowa ba ne. Na gari ne."

"To wa ke yankawa?"

"Ba a yankawa. Kallonsu ake yi."

Hajja ta juyo gare ni. "Ya binti, daidai ta faɗa, ko kuskuren Larabci ne?"

Na ce daidai ta faɗa. Ta ƙara duban hoton, ta girgiza kai, ta ce wannan asara da yawa take.

Sai aka iso kan jinka da shanu. Hajja ta dubi hoton gidan, ta dubi na garken da aka mai da masauki, ta mayar da wayar a hankali.

"Ji nan," ta ce, tana magana dalla-dalla don Madam ta gane. "Ni a ƙauye aka haife ni. Na yi tatsa, na kwashe kashin shanu, na kwana da hayaƙi a ido. Ranar da aka kawo ni Alƙahira na ga famfo a cikin ɗaki, na ce ni da ƙauye sai dai a labari. Yanzu in hau jirgin sama, in tsallaka teku, don in je in ga saniya?"

Madam ta gane duka, na ga haka a fuskarta. Wannan ne karo na farko da ta ji doguwar maganar Hajja ba tafinta, sai aka yi rashin sa'a maganar ba mai daɗi ba ce. Haddar ta zube. Akwai sauran injin niƙa da turu, amma ta kasa kamo bakin zaren. Ta zauna. Na buɗe baki zan taimaka, ta ɗaga mini hannu. Sai ta ci gaba da Larabcinta na kanta, guntu-guntu, ba wanda muka shirya ba, kamar mai ba da haƙuri. Ta ce ma'alish, ba komai, ita dai ta so ne a je a watan da ake bikin gari. Ana kafa babban tanti a dandali, kowa ya kawo abin da ya noma ko ya dafa, alƙalai su duba: wa ya fi babbar albasa, wa ya fi kyan fure, wa ya fi iya kek. Ta ce ita duk shekara sai ta shiga gasar kek, ba ta taɓa ci ba.

"Wa ke ci?" in ji Hajja.

"Wani tsoho. Da can direban bas ne."

"Namiji?"

"Namiji."

"Matan garin suna ina?"

"Suna nan. Shi dai ke ci."

Hajja ta gyara zama. Ta ɗauki guntun fitir da ya rage a tire, ta juya shi, ta duba bayansa.

"Baƙo yana shiga?"

Madam ta kalle ni don ta tabbata ta ji daidai. Na gyaɗa mata kai. Ta ce yana shiga, 'yan hutu ma sukan shiga.

"Khalas, shi ke nan," in ji Hajja. "Mako ɗaya. A gaya wa direban bas ya shirya."

Daga nan har tafiya, darasinmu kicin ya koma. Madam ta ce tunda ita za ta yi tafinta, dole ta san komai: tankaɗe, murji, wuta ta yi yawa, juya tire. Hajja ta so ta tafi da gwangwanin man shanunta, ɗanta ya ce ba za a bari ya shiga ƙasar ba, aka kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa. A ƙarshe ta haƙura da man, amma ta ce babban tirenta ƙafarta ƙafarsa. Shi aka fara sa wa a akwati, aka jera kayan kowa a kansa.

Suka tafi, ni kuma na koma zaman Ainu Shams da zafin nan mai sa kwalta ta yi laushi. Lokaci-lokaci saƙon murya kan shigo daga Madam, da Larabci, wai don kada ta manta. "Abla, yau ruwan sama. Hajja tana fushi." Bayan kwana biyu: "Abla, yau ma ruwan sama. Hajja ta tafi wajen shanu." Ban sami cikakken labari ba sai da suka dawo, Hajja ta aiko a kira ni cin abinci.

Da laifuffukan garin ta fara, kuma suna da yawa. Ba a jin motsin kowa, har kunnenta ya riƙa yi mata ƙara. Shago ɗaya ne, yana rufewa tun rana na sama. Mutane na gaishe ka da fara'a, amma ba mai cewa shigo ka ci abinci. Abincin ma ba gishiri. An kai ta injin niƙa, ta ce injin da ba ya niƙa komai ba inji ba ne, amma shayin ba laifi. An kai ta wajen turu, aka ce ta zura ƙafa a ɗauke ta hoto, ta ce ita ba ta yi sata ba.

"Shanun fa, Hajja?" na tambaya.

"Shanu dai shanu ne," ta ce, ta kau da kai.

'Yar Madam ce ta raɗa mini cewa kullum da sassafe Hajja kan zuba rigar sanyi biyu ta tafi gonar maƙwabcinsu kallon tatsa. Ita ta yi ta zuba Larabci, manomin ya yi ta zuba Turanci, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Shi ya ba ta man shanu ɗanye, ta soye shi da kanta a kicin ɗin Madam, ƙamshin ya kama labule da kujeru har suka baro garin bai fita ba.

Sai maganar wuta. Obin ɗin Madam, wato murhun gashinta, na lantarki ne, Hajja ta gwada ta ce wannan ko ƙwai ba zai gasa ba. Tanderun itace ɗaya ne a garin, a bayan mashaya, inda ake gasa wa 'yan hutu abinci. Hajja ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan giya ba. Madam ta je ta yi magana da mai wurin, aka gano tanderun a lambu yake, lambun kuma yana da ƙofar baya da ke fita kan hanyar coci. Hajja ta yi nazari, ta ce lambu ba mashaya ba ne. Da safiyar bikin ta shiga ta ƙofar baya da tirenta, mai mashaya na hura mata wuta, Madam na tsaye a tsakaninsu tana juya "ƙara itace" da "ya isa haka".

A tanti aka rasa inda za a ajiye fitir. Matar da ke karɓar kaya ta ce a kai shi teburin burodi. Hajja ta ce a nuna mata na direban bas. Aka nuna mata wani kek na lemon tsami, ta ajiye tirenta dab da shi, ta ce nan zai zauna. Aka fitar da kowa, alƙalai suka shiga, wasu tsofaffin mata biyu da 'yar wuƙarsu. Da aka buɗe tanti, katin wanda ya zo na ɗaya na kan kek ɗin direba kamar kullum. A gefen fitir an bar 'yar takarda, Madam ta karanta ta juya mata: wai yana da daɗi ƙwarai, amma ba kek ba ne.

"Na ce ta gaya musu na sani," in ji Hajja. "Wa ya ce musu kek ne? Kek ai abincin yara ne."

Ba ta tsaya jayayya ba. Ta aiki ɗanta ya sayo zuma a wata rumfa, ta tsaya a kan tirenta tana yankawa tana miƙa wa duk wanda ya gifta, wanda ya ce ya ƙoshi ta riƙe masa hannun riga. Kan a jima layi ya kai bakin tanti. Direban da kansa ya bi layin, wani ɗan tsoho mai hula da sanda, ya ci, ya koma baya ya sake bi. Sannan ya yanko nasa kek ya kawo mata a faranti.

"Yaya kika ji shi?" na tambaya.

"A bushe yake."

Madam na gefe tana ba jika ruwa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, da Larabci, "Yanka uku ta ci."

"Don kada ya ji kunya," in ji Hajja.

Landan kuwa, da aka je, Hajja ta ce cunkoso ne irin na Faisal, sai dai su ba sa hon. Ƙafafunta suka kumbura, ta zauna a masauki ta aiki ɗanta sayen saƙon maƙwabta.

Akwai abin da Hajja ba ta faɗa ba, sai a darasinmu na gaba Madam ta gaya mini. Ana gobe za su bar ƙauyen, Hajja ta ce a kai ta inda aka binne mijin Madam. Suka tafi su biyu bayan coci. Ciyawa ta ɗan rufe kabarin saboda daɗewar Madam a Masar. Hajja ta durƙusa da ƙyar da gwiwoyinta masu ciwo, ta shiga tuge ciyawar da hannu. Madam ma ta durƙusa. Da suka gama, Hajja ta tambaye ta ko mai faɗa ne. Ta ce a'a, mai shiru ne, sai dai taurin kai. Hajja ta ce nata ya haɗa biyun, ga faɗa ga taurin kai, kuma har yau in ta dafa abin da yake so sai ta kasa ci. Suka zauna a kan benci har yayyafi ya kore su.

Tsarabata kwalbar jam ce ta lemo daga shagon injin niƙa, da tawul ɗin goge kwanuka mai hoton cocin, wanda Hajja ta zaɓar mini da kanta, ta ce yadinsa mai kyau ne, hoton in juya shi ciki. Yara suka taru a kan kwalbar da murna, suka ɗanɗana, suka ji ɗaci, kowa ya ajiye burodinsa. Babansu ne ya shanye ta a hankali da shayin safe, kullum yana cewa Turawa ba su iya zaƙi ba.

Mun ci gaba da darasi har maigidana ya gama karatu muka fara ɗaure kaya, amma ya ragu sosai, don Hajja ta karɓe rabin aikina. Madam kan tafi Faisal ita kaɗai a tsakiyar mako, su zauna a baranda suna gyaran ganye suna yi da 'yan haya. Sai ta dawo mini da sababbin kalmomi cike da baki tana tambayar ma'anarsu, ni kuma aikina ya koma ware mata waɗanda za ta iya faɗa a gaban surukinta da waɗanda za ta bari a barandar Hajja.